Cacar Biki da Saƙon da Na Tura wa Manaja

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rifkatu a Birmingham ba, kuma ko na so in manta, matan zumuntar cocinmu ba za su bari ba. Gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin ƙawata Ladi, don ita idan tana ba da labarin har tashi take yi tana kwaikwayon tafiyata.

Ni dai aikin kula da tsofaffi nake yi a wani care home a Salford. Su suka ɗauko ni daga Kafanchan, su ke riƙe da bizata. Ranar da na bar aikin nan, ɗan lokaci kaɗan za a ba ni in sami wani mai ɗaukar nauyina, in ba haka ba in tattara komatsaina da yarana biyu mu koma gida. Shi ya sa duk abin da manajarmu Debi ta yi, amsata ɗaya ce. Ta sa ni aiki Lahadi uku a jere, "no problem". Ta canza rota, wato jadawalin aiki, ba ta gaya mini ba, "no problem". Ina murmushi, cikina yana tafasa.

A cikin wannan hali ne na tsinci wata mata mai ba da darasi a intanet ta waya, mai murya a sanyaye kamar wadda ta tashi daga barci. Kullum da safe a cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, ina sauraronta. Karatunta bai da wuya: ki rufe ido, ki ga abin da kike so kamar yana gabanki, ki saurari abin da ranki ya ba ki, ki sa rai da alheri kawai, kada ki bar ko ɗigon shakka. Na gwada. Na rufe ido na ga kujera a tram, na buɗe sai ga wani ya tashi. (Tasharsa ce ta zo, amma lokacin ban kalli abin ta nan ba.) Na hango na'urar ɗumama abinci, bayan kwana huɗu maƙwabciyata ta ajiye tsohuwar tata a ƙofar gida. Daga nan fa kaina ya fara girma. Har Ladi na fara yi wa wa'azi.

"Ladi, matsalarki ke ba ki hango abu."

"Ina hangowa mana," in ji ta. "Na hango za ki haukace."

Rifkatu ƴar shugabar zumuntar mata ce ta Birmingham, kuma Bature ta aura. Tun a bas muka ji labari cewa uban angon yana da kamfanin gine-gine, kuɗi kamar ya kashe shi. Bayan an ɗaura aure a coci muka wuce wani babban otal da rana tsaka, mu matan Manchester cikin ankonmu, ni da ɗaurin kai wanda sai da na sunkuya kafin in shiga mota. A bakin ƙofa wata yarinya tana miƙa wa kowa ƴar jaka. Na buɗe tawa ina zaton alewa ce, sai na ga ƴan robobi zagayayyu kamar murfin kwalba, an rubuta ɗari a kan wasu, hamsin a kan wasu. Can a kusurwa kuma ga tebur mai koren mayafi, da wani faifai mai juyawa cike da lambobi, da wani dogon Bature mai baƙar kwat yana jefa ƴar farar ƙwallo a ciki.

To ni na ga irin wannan a fim. Na san da robobi ake yin cacar, idan an gama sai ka kai a canza maka. Kuma na san al'adar biki: mai ƙaramin ƙarfi ya raba kofi, mai hali ya raba bokiti ko fanka. Na haɗa lambobin jakata, ɗari biyar cif. Na matsi hannun Ladi.

"Ladi, fam ɗari biyar! Kowane baƙo! Kai, Turawa sun iya rabo."

"Wasa ne fa," in ji ta, hankalinta yana kan layin shinkafa.

"Na sani mana. Ai duk caca wasa ake ce mata."

Wallahi da ta ƙara kalma ɗaya tak da ta cece ni, amma ta hango ana sauke farfesu.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ɗan yi mini magana. Ni da nake koyar da yara a coci ran Lahadi, ni ce zan tsaya a teburin caca? Sai na ba ta amsa cewa ba kuɗina ba ne, kyauta ce, kuma ƙin karɓar kyauta rashin tarbiyya ne. Zuciyar ta yi shiru, ban sani ba ko yarda ta yi ko gajiya.

Na tsaya gaban teburin, na rufe ido, na ja numfashi sau uku yadda matar nan ta koya mini. Da farko duhu kawai na gani. Can sai ga lamba sha bakwai ta fito ɓaro-ɓaro. (Lambar ɗakin wani tsoho ce a wurin aiki, wanda ke jifana da cokali kullum, amma na ce wahayi ba ya zaɓen hanya.) Na tura rabin robobina kan sha bakwai. Faifai ya juya, ƙwallo ta yi ta tsalle-tsalle, ta zo ta zauna a sha bakwai.

Ihun da na yi sai da mai ɗaukar hoto ya juyo.

Daga nan ban ƙara zama mutum ba. Na cire takalma don in ji ƙasa sosai. Na riƙa rufe ido ina bin ɗakunan tsofaffina ɗaya bayan ɗaya: ɗaki na tara, mai ɓoye haƙoranta a cikin safa; ɗaki na ashirin da uku, mai kirana da sunan ƙanwarta. Idan ƙwallo tana gudu sai in sunkuya in lallashe ta: "Ƴar albarka, sannu, ga ɗakinki nan, shiga ki zauna." Sau biyu na faɗi, kuma nan take na gano dalili: wata dattijuwa a gefena ta ce "anya kuwa?" Na ce, "Mama, don Allah ki matsa can da anyarki, kina ɓata mini iska." Matar nan ashe gwaggon amarya ce.

Mutane suka taru a bayana suna tafi. Baturen mai kwat yana dariya yana turo mini robobi da ƴar sandarsa. Daga baya na ji cewa ko kusa da lambarka ƙwallo ta faɗa biyanka yake yi, don baƙi su ji daɗi. Ni kuwa idona a rufe yake, ina na sani? Da jakata ta cika na kwance mayafina na zuba a ciki. Na koma gefe na ƙirga. Dubu arba'in da ƴan kai.

A nan ne na tuna darasin ƙarshe na matar wayar: idan alheri ya zo, ki nuna masa kin yarda, ki saki abin da ya ɗaure ki. Na tambayi kaina me ya ɗaure ni. Ban ma rufe ido ba fuskar Debi ta bayyana. Maganar biza ta ɗan leƙo, na ce mai dubu arba'in lauya ne zai bi ta da takardu.

Na shige ban-ɗaki da ƙunshin robobina, na kulle ƙofa, na danna saƙon murya. Shekara biyu na "no problem" suka fito a lokaci ɗaya. "Debi, ki buɗe kunnenki da kyau. Na bar miki aikinki. Ki ɗauki rota ɗinki ki dafa ki ci. Lahadi uku kin hana ni zuwa coci, Allah ya isa! Ranar da ɗana ba shi da lafiya kika ce in zo, Allah ya isa! Shayin da kike haɗa mana kamar ruwan wanke-wanke, shi ma Allah ya isa!" Minti huɗu ina yi, har da kuka a tsakiya. Na tura, na wanke fuska, na gyara ɗaurin kai, na fito ina taku ɗaiɗai. (Wannan ce tafiyar da Ladi ke kwaikwaya.)

Na sami takardar goge baki na rubuta lambar asusuna a kai. Ina isa teburin sai ga mai gabatar da biki, wani ɗan'uwan amarya mai surutun tsiya, ya zo da makirufo yana cewa an sami zakarar teburi. Aka kashe kiɗa. Ya kama hannuna ya ɗaga sama.

"Anti daga Manchester! Anti, me za ki ce wa jama'a?"

Na miƙa masa takardar, na matso da bakina kusa da makirufo don kowa ya ji, na ce, "Na gode wa Allah, na gode wa baban ango. Tambayata ɗaya ce: cash za a ba ni ko transfer?"

Zauren ya fashe da dariya. Har Turawa suna buga tebur, suna cewa matar nan ta iya barkwanci. Na tsaya ina jira su gama. Suka gama. Ina nan tsaye da takardata. Sai na ga dariyar mai gabatarwa tana raguwa a hankali, ya dubi takardar, ya dube ni, ya manta makirufo yana bakinsa ya ce, "Anti... da gaske kike?"

Baturen mai kwat ne ya yi mini bayani, cikin ladabin nan nasu mai ƙara ciwo. Teburin na nishaɗi ne, haya aka ɗauko shi kamar yadda ake ɗauko kujeru. Robobin ba kuɗi ba ne. Kuma idan ba damuwa in juye masa su, don gobe yana da wani bikin. Na kwance mayafina a gaban mutum wajen ɗari biyu, robobi suka watse, wasu suka gangara ƙarƙashin teburin amarya. Aka ɗora mini kambin roba a saman ɗaurin kai, aka ba ni kwalin cakulan. Baba Rabaran, limamin coci, da ke zaune a gaba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Ƴata, ina takalmanki?"

Duk wannan kunyar ban gama jin ta ba sai na tuna waya. Na zaro ta da nufin in goge saƙon, na ga alamar nan mai nuna an riga an saurara.

"Ladi," na ce, "na kashe kaina."

Da na gaya mata, ta ajiye cinyar kaza, abin da ban taɓa gani ta yi ba. "Ke da yaran fa? Kin tuna da yaran?" A bas ɗin komawa Manchester na rufe ido tun daga Birmingham ina hango wayar Debi ta faɗa cikin masai. Ban iya sake sauraron saƙon ba, ko kallonsa ba na so. Yinin Lahadi Debi ba ta turo amsa ba. Yarana suna cin cakulan ɗin suna tambayata me ya sa ba na ci, ni kuwa ina kallonsu ina tunanin yadda zan ce musu su yi sallama da makaranta.

Ran Litinin da safe na shiga ofishinta, na shirya durƙusawa. Debi ta tashi, ta zagayo tebur, ta rungume ni. Idonta ya yi ja. Ta ce mahaifiyarta tana asibiti tun ran Juma'a, ba ta gaya wa kowa ba, tana zaune a bakin gadon saƙona ya shigo. Ta ce sau uku ta saurara. Ba ta gane komai ba sai sunanta, da rota, da Allah, amma ta ji yadda muryata ke rawa, ta ji ina kuka, kuma tunda take ba a taɓa yi mata addu'a da zuciya ɗaya haka ba.

Sai a lokacin na gane. Da fushi ya taso, Turanci ya gudu ya bar ni. Minti huɗun nan kaf da Hausa na yi su.

Kunyar da na ji a ofishin nan ta fi ta Birmingham, don wannan ba mai dariya a ciki. Ina neman hanyar fita sai ta ɗauko biro. Ta ce akwai wata magana da na yi ta maimaitawa, tana so ta san ma'anarta. Ta gwada faɗa, "Alla-ya-issa." Ƙarya ba kyau, gaskiya kuma jirgi ne zuwa Abuja. Sai na fassara mata kalma da kalma: Allah ya wadatar, shi kaɗai ya ishe mu. Ta dafe ƙirji ta ce kai, wannan magana da daɗi take.

Yanzu an buga ta da manyan baƙaƙe an manna a ƙofar ofis, da hoton fure a gefe. Wani ɗan Zariya da aka turo mana aikin kwana biyu ya tsaya ya karanta, ya juyo ya dube ni, na girgiza masa kai, bawan Allah ya wuce abinsa. Mahaifiyar Debi ta warke, kuma Debi ta ce addu'ata ce. Rota dai tana nan yadda take, jiya ma ta canza mini.

Na goge matar wayar. Abin da na koya shi ne, kafin ka rufe ido ka hango kuɗi, ka buɗe shi tukuna ka tambayi wa zai biya. Hukuncina kuwa kullum nake karɓa ƙarfe bakwai na safe: ina shiga, Debi za ta leƙo da murmushi har kunne, ta nuna ni da yatsa ta ce, "Allah ya isa!" Ni kuma, da bizata a hannunta, sai in ce amin.