Wuƙa Mai 'Ya'ya da Wayar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na leƙa lahira daga cikin adaidaita sahu ba, kuma ba komai ne ya kai ni bakin ƙofarta ba sai son gyara da rashin iya magana. Mutanen gidanmu sun daɗe da mayar da abin na dariya, ni ma ina taya su.

Asalin fitinar tsaraba ce. Wani ƙanina ne ya kawo min wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu ba. In ka ninke shi sai ya shige aljihu tsaf, in ka buɗe shi kuwa sai ka ga ikon Allah: ga filaya, ga sukudireba, ga ɗan almakashi, ga zarto, ga abin buɗe gwangwani, ga wuƙa. Ranar da na nuna wa mahaifiyata, ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Wannan ai wuƙa ce mai 'ya'ya." Sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu na Mandawari.

Ni malamin makaranta ne, tarihi nake koyarwa, kuma kafin zuwan wuƙar nan ko soket ne ya saki a ɗakina sai na aika a kira mai gyara. Amma tun da ta shiga aljihuna sai na wayi gari injiniya. Na ɗaure hannun tukunya, na matse ƙafar tabaran Inna, na gyara sakatar banɗaki, na datse reshen zogalen da ke shigowa ta taga. Gwangwanin tumatir ma na hana kowa buɗewa sai ni (alhali maiɗakina Rabi ta yi shekaru tana buɗe shi da wuƙar girki ba ta taɓa neman agajin kowa ba). Gaskiya ba kullum ake dacewa ba. Duk abin da na kwance na mayar, sai in ga noti ɗaya ya rage a hannuna, sai in ce dama ƙari ne masu ƙera shi suka saka. Rabi kan dube ni ta ce, "Malam, don girman Allah ka bar abin da yake da lafiya ya zauna da lafiyarsa." Ban taɓa ji ba. Na kai matsayin da in na shiga gidan mutane, ana gaisawa amma idona yana kan ƙofofi da fankoki, ina neman abin da ya saki.

A lokacin kuwa gari ya gaji da masu ƙwacen waya. Kusan kowa yana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da aka zare wa wuƙa aka karɓe masa waya, wani ma har da rauni, kuma sau da yawa a cikin adaidaita ake yi. Mutane sun fusata, duk wanda aka kama sai dai wani ikon Allah. Ni kaina a majalisarmu ta ƙofar gida ina cikin masu ɗaga murya, ina cewa irin waɗannan ba su cancanci tausayi ba. Haka nake faɗa ina kurɓar shayi, hankalina kwance.

Ranar da abin zai faru, Gwaggona da ke Koki ta kira ni bayan la'asar, wai famfonta yana ta ɗiga ya hana ta sakat. Wani daɗi ya kama ni. Na saka shaddata mai ruwan toka, na kafa hula, na ɗiga wa wuƙar man keke don ta riƙa buɗuwa da sauƙi, na fita titi na tsayar da adaidaita. Mace ɗaya na tarar a baya, wata Hajiya mai jiki da kamala, ta yafa mayafi mai duwatsu wanda ko ni da ban san kuɗin kaya ba na san ba na banza ba ne. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba, tana ta danna waya. Na rakuɓe a ɗaya gefen, jakarta a tsakaninmu.

Ba mu yi nisa ba idon nan nawa na neman gyara ya hango aiki. Rumfar adaidaitar ta yage ta gefen Hajiya, direban ya ɗaure ta da wayar ƙarfe, irin wadda ake ɗaure rodi da ita. Bakin wayar ya lanƙwaso ya maƙale mayafinta ta bayan kafaɗa. Duk ramin da muka faɗa sai in ga zaren mayafin yana ja, ita kuwa ba ta sani ba. Na ce a raina, yau ga ranar wuƙa mai 'ya'ya. Filaya kawai zan sa in datse bakin wayar, Hajiya ta sa min albarka, direba ya yi godiya. Matsala ɗaya ce, ba zan miƙa hannu ta bayan matar mutane ba. Sai na yanke shawarar in ce ta jawo min bakin wayar da hannunta, ni kuma in datse.

Na zaro abata daga aljihu na girgiza ta don filayar ta buɗe. Man nan da na ɗiga ya yi aiki fiye da yadda na nema, domin wuƙar ce ta fara fitowa, tana ƙyalli. Ban ma kula ba, hankalina yana kan mayafi. Na ɗan matsa, na rage murya don ladabi, na ce:

"Hajiya, kada ki motsa. Miƙo min wayar nan."

(Na sani. Ni ma yanzu in na maimaita maganar a raina sai in ji kamar in mari kaina.)

Ta juyo a hankali. Ta dubi wuƙa, ta dubi fuskata. Sai kawai ta ajiye min wayarta a kan cinya, da hannu biyu, kamar mai miƙa sadaka. Ni kuma don tsabar rashin ganewa na yi ɗan murmushi na ce, "A'a Hajiya, ba wannan ba, ɗayar nake nufi."

Wallahi sai matar nan ta zuge jaka ta fito da wata ƙaramar waya ta ɗora a kan ta farkon. Sannan ta cika ƙirjinta da iska ta kurma ihun da har yau yake min amo a kunne.

"Wayyo Allah jama'a! Ɗan ƙwace! Zai kashe ni!"

Direba ya taka burki, ya dire tun kafin adaidaitar ta gama tsayawa, yana ihun ɓarawo. A daidai wata mararraba muke, kusa da wani masallaci, ga masu shaguna, ga masu jiran magariba. Kafin in buɗe baki an kewaye mu. Sai a lokacin na kalli kaina yadda su suke kallona: namiji a gefen mace, wuƙa tsirara a hannun dama, wayoyi biyu a cinya. Ko ni ne alƙali da na ɗaure kaina.

Wani ƙato ya shaƙo wuyan rigata ya fizgo ni waje. Hulata ta yi gabas, tabarau ya yi yamma, wuƙar ta faɗi a ƙasa. Mari na farko ban gan shi ba, jin sa kawai na yi, duniya ta yi fari. Aka ture ni na zube a bakin kwata. Ina ganin ƙafafu ta ko'ina, wani da gora, wani ya ɗauko bulo. Can ta baya na ji wata murya tana cewa, "A nemo taya!"

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji. Na tuna Rabi, na tuna 'ya'yana, na tuna za a je a ce wa Inna an kashe ɗanta a kan satar waya, ta rasa ni kuma ta rasa bakin ba da labarin yadda na mutu. Na tuna bakina a majalisa yana cewa ba su cancanci tausayi ba. Na yi niyyar yin kalmar shahada, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Ni malamin tarihi ne! Wallahi tarihi nake koyarwa!" Wani ya ce, "Yau za ka zama tarihi." Daga nan na bar batun aiki na koma kiran Inna da ƙarfi, ni da furfura ta fara fito min a gemu.

Wani dattijo mai wankin hula, wanda shagonsa ke jikin masallacin, shi ne ya ratso taron ya tsaya a kaina ya ware hannuwa, kumfar sabulu har gwiwar hannunsa.

"Ku dakata! Ku ji tsoron Allah, ku dakata! Kun taɓa ganin ɗan ƙwace ya karɓi waya ya zauna yana jira?"

"Baba, matsa! Haka suke shiga yanzu, da manyan kaya!"

"Ba zan matsa ba. Sai dai ku haɗa da ni."

Na kama ƙafar tsohon nan da hannu biyu kamar yaro ya kama zanen uwarsa. Amma na san ba zai iya riƙe su da daɗewa ba, don taron ƙaruwa yake, kuma waɗanda suka zo daga baya sun fi na farko zafi. Sai ga wani sabon ihu daga cikin adaidaita. Hajiya ce ta yunƙura za ta sauka, ta ji an riƙe ta ta baya.

"Su biyu ne! Ga wani nan ya riƙe min mayafi!"

Rabin taron suka zagaya da gudu ɗaya gefen, da gorori a sama. Ba su sami kowa ba sai wata 'yar lanƙwasasshiyar wayar ƙarfe, ta cusa baki cikin mayafi ta riƙe gam. Ni kuma daga kwance na miƙa yatsa, na tattaro ɗan sauran numfashina na ce, "Ita ce! Ita ce wayar! Ita na ce ta miƙo min in datse!"

Direba ya leƙa ya sosa ƙeya ya ce, "Ai kuwa ni na ɗaure ta." Dattijon ya sunkuya ya ɗauki wuƙar, ya fara zaro 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa jama'a, ga filaya, ga almakashi, ga sukudireba. Mai bulo ya ajiye bulonsa a hankali kamar dama tsintarsa ya yi. Wani ya fara dariya, wani ya kama, kafin ka ce me duk mararrabar ta ɗauka. Ƙaton da ya mare ni ya kakkaɓe hulata ya miƙo min yana cewa, "Yi haƙuri Malam, kai ma ai ka yi ganganci."

Dattijon ya ce, "To Malam, tashi ka cire mata."

Hajiya ta ce, "Kada ya matso ni da abin nan!" Ta sa ƙarfi ta fizge mayafinta, ya yi ƙyaaat, ya rabe tun daga kafaɗa har ƙasa. Mayafin da na kusa ba da raina don in cece shi ke nan. Ta kwashi wayoyinta tana haki, ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, kai da ka ce malami ne, ba ka san kalmar ƙarfe ba? Ba ka san kalmar mayafi ba? A duk Hausar duniya sai waya?"

Na yunƙura zan tashi, sai na ji wani sanyi a cinyoyina wanda ba na ruwan kwata ba ne. Na duba. Jama'a, shadda mai ruwan toka ba ta rufa wa mutum asiri. Ban san lokacin da abin ya faru ba, ina zaton wajen maganar taya ne. Ga mutane cike, ga masu ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na koma na durƙushe, na ji da ma bulon nan ya same ni na huta.

Dattijon ya kalle ni, ya kalli inda nake kallo. Ya juya shagonsa ya ɗauko bokitin ɗaurayar hula cike da ruwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ku ba shi wuri, bai dawo hayyacinsa ba!" Ya sheƙa min shi tun daga ka har ƙafa. Na tashi sharkaf, ko'ina a jiƙe daidai wa daida, babu mai iya cewa ga inda ruwa ya fara. Ya damƙa min wuƙata a ninke, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Je ka gida, ɗana. Ni ban ga komai ba."

A ƙafa na koma Mandawari, ta lunguna, ina ɗiga. Famfon Gwaggo mai gyara ne ya je ya yi washegari.

Wuƙa mai 'ya'ya tana nan, kuma ban daina gyare-gyare ba, sai dai yanzu a cikin durowa take kwana, ba ta ƙetare zauren gida. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum alheri, fara yi masa bayani tukuna, dalla-dalla, hannunka biyu a fili, kuma ka tabbata kalmar da ka zaɓa ma'ana ɗaya gare ta. A majalisa kuwa, in aka kawo zancen an kama ɓarawo kowa yana yanke hukunci, shayina kawai nake kurɓa. Na san yadda ƙasar wurin take, na kwanta a kai.