Kwalin da Na Tsinta a Bayan Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ranar da na tara wa kaina 'yan kallo a ƙofar gidana. Lokacin muna rigima da maƙwabcina Malam Sale kan iyakar gona a fadama, ko gaisuwa sai in mun haɗu a masallaci.

Na zagaya bayan rumbu neman fartanya, sai ga wani kwali an lulluɓe shi da buhu. Na buɗe shi. Kwaɗo a kwalba, ƙadangare a wata, ga gashin kaza, ƙashin bayan akuya, da guntun burodi da ya yi fumfuna. Kuma rumbun jikin katangar Sale yake! Na ce shi ke nan, an biyo ni har gida. (Ni da karatuna bai wuce firamare ba, ranar na zama shehin gane sammu.)

Maimakon in tambayi mutanen gida, sai na aika a kira Mai Unguwa da Liman. Kafin ka ce kwabo layinmu ya cika. Aka fito da Sale ko hula babu.

Na ce, "Sale, a kan gona za ka kashe ni?"

Ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Tare fa aka yi mana kaciya."

Mai Unguwa ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya rantse, in ya ƙi a wuce da maganar fada. 'Ya'yan Sale suna huci, nawa suna naɗe hannun riga. Liman yana cewa a dakata a bincika, ni kuwa har na tuttula wa kwalin kalanzir na ƙyasta ashana.

Ana cikin haka sai ga Nafisa ta dawo daga darasin Asabar. Jikata ce, daga Tabanni aka kawo ta wurina, tana ajin ƙarshe a sakandare. Ta kutsa cikin mutane, ta ga wuta na ci, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Tsoho! Kayan bayolojina! Jibi za a yi mana gwaji da su!"

Ashe kayan da makarantarsu ke jira daga Kaduna ne hanya ta hana su isowa, malaminsu ya ce kowa ya tattaro nasa. Kakarta ta hana ta shiga da su ɗaki, shi ne ta kai bayan rumbu.

Sale yana tsugune da buta, ya fara alwalar rantsuwa. Ya ɗago ya dube ni. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. A gaban kowa na cire hula na roƙe shi gafara.

Kashegari Nafisa ta ce wanda ya ƙone shi zai biya. Haka na yini da gemuna fari fat, ina sanɗar ƙadangaru a jikin katanga. Sale ya leƙo ya ce, "Alhaji, a hankali, kada ka ƙarar mini da ma'aikatan sammu."

Dariyar da muka yi ce ta zama sulhunmu. Yanzu ko kan jaki na tsinta a ƙarƙashin gadona, sai 'yan makaranta sun taso na tambaye su kafin in aika a kira Liman.