Man Zafi a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ranar da na isa ga abin da na fi son gani a duniya, na tsaya a cikinsa har ƙirji, na kuma dawo gida ban gan shi ba. Babu wanda ya hana ni. Ni na hana kaina, da ɗan gwangwanin man zafi.

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare a nan Mubi. Shekara ashirin da biyu ina zana teku a allo, ina bayanin yadda yake cika ya janye, alhali ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne mayo Yedzaram, kogin garinmu, idan damina ta yi nisa. Yara su yi tambaya in amsa da gadara, kai ka ce a bakin teku aka binne cibiyata. Don haka da sunana ya fito cikin malaman da za su kai ziyarar mako biyu wata makaranta a Sikotland, sai da na shiga ɗakin ajiyar littattafai na share hawaye.

Malamin da zai sauke ni, wani dogon Bature mai suna Dankan, ya rubuto cewa abin nishaɗinsa shi ne nutso a teku. Yakan goya tukunyar iska, ya taka daga gaɓa ya shige ƙarƙashin ruwa, kuma in ina so zai shiga da ni. Washegari na tsaya gaban 'yan aji biyar na yi musu alkawarin bidiyon ƙarƙashin teku, da ni a ciki. (Babu wanda ya roƙe ni. Bakina ne kawai.)

Ranar tafiya matata ta cusa mini gwangwanin a aljihu.

"Baban Tizhe, sanyi na wurin can ba ya san malami fa," in ji ta. "Ko'ina za ka fita, ka shafa. Ni kam ba na so ka dawo mini da nimoniya."

Na ce to. A gidanmu man zafi ne maganin mura da ciwon kai da targaɗe, har da yaron da ya ƙi barci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na iya nutson. Ranar Alhamis Dankan ya kai ni wurin iyo na cikin gini, mai ruwan ɗumi, ya koya mini numfashi ta bututu da fitar da ruwa daga gilashin fuska. Na yi komai daidai, har ya tambaye ni inda na koyi iyo. Na ce a mayo, na ƙara masa da labarin da rabinsa ƙarya ne.

Asabar da safe muka je bakin teku, kuma jirgina na komawa gida ranar Lahadi ne. Gaɓar duk duwatsu, sama ta yi toka-toka, iska kuwa tana ratsa ƙashi. Dankan ya ce muna da kamar awa ɗaya kafin ruwan ya juya ya yi ƙarfi. Ya bar ni a bayan mota in canza kaya, ya gangara duba hanyar shiga.

Ina tsaye daga ni sai singileti, haƙorana suna haɗuwa, sai na ji muryar matata a kunnena. Na buɗe gwangwani. Na shafa a ƙirji, na shafa a wuya da bayan kunne. Na ga ai fuska ce kaɗai za ta taɓa ruwa, sai na laɓta a goshi da kumatu, na kuma cusa a kowace ƙofar hanci. Rabin gwangwani ya tafi. Na ji ɗumi, har ina yaba wa kaina da wayon mutanen gida.

Dankan ya dawo ya taya ni sa rigar roba wadda ruwa ba ya shiga, da hular roba, da ɗamarar darma, da tukunyar iska a baya. Yana ja mini zif sai ya tsaya ya shinshina.

"Kana jin wani ƙamshi?" ya tambaye ni.

Na ce wataƙila ciyawar teku ce. Kunya ce ta sa. Ban so ya san cewa malamin da ya yi fice a wurin iyo yana yawo da maganin da matarsa ta ba shi. Da na faɗi gaskiya a lokacin, da sabulu da ruwan zafin fulas ɗinsa sun gama maganar.

Muka taka cikin ruwa har ƙirji, shi da kyamara ɗaure a goshi. Ya ce in sa gilashi. Wanda bai sani ba, gilashin nan yana rufe ido da hanci ne tare, babu ta inda iska za ta fita. Duk tururin man zafin da ke hancina da goshina ya rasa wurin zuwa sai idona. Kafin in ƙirga goma hawaye sun fara. Na daure. Na ce shekara ashirin da biyu ba za su tafi a banza ba, na durƙusa na tura kaina ƙasa.

Ashe man zafi idan ya gamu da ruwan sanyi juyewa yake yi. Kumatuna suka ɗauki sanyi kamar an manna musu ƙanƙara, idona kuma kamar an watsa barkono. Gilashin ya fara zamewa a kan maiƙo, ruwan gishiri ya shigo. Abin da na gani na ƙarƙashin teku duka-duka wani kore-kore ne mai rawa, shi ma ban tabbata ba hawayena ba ne.

Duk abin da aka koya mini ranar Alhamis ya gudu. Na fizge gilashin, na tofar da bututun, na miƙe a firgice. Nauyin tukunya ya ja ni baya na faɗi rigingine, iskar cikin rigar ta taru a ƙafafuna suka yi sama. Haka na dinga wutsil-wutsil ina kiran mahaifiyata da yarenmu na Kamwe, matar da ta rasu tun ina kwaleji, a ruwan da in na tsaya bai kai mini haɓa ba.

Dankan ya jawo ni gaɓa ta madaurin tukunya. Da ya cire mini hula ƙamshin ya buge shi, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Na nuna masa gwangwanin. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Na roƙe shi in wanke fuska mu sake gwadawa. Ya duba idanuna da suka kumbura suka yi jajir, ya duba ruwan da ya fara juyawa, ya ce ba zai shiga da ni a haka ba.

A mota na zauna cikin bargo, da kofin shayi a hannu, ina kallonsa ya shiga shi da wani abokinsa don ya ɗauko mini bidiyo. Kumfar numfashinsu tana fitowa a wurin da nisansa da ni bai fi daga ajinmu zuwa ofishin shugaban makaranta ba. Nan na yi kuka na gaske, kuma babu mai iya bambanta shi da na man zafi. Shekarata hamsin da uku. Irin wannan tafiya ba ta zuwa wa malamin sakandare sau biyu.

Da na dawo Mubi na kunna wa 'yan aji biyar bidiyon. Dogayen ciyayi suna kaɗawa kamar gonar dawa a ƙauyen Vimtim, ga ƙaguwa, ga kifaye. Da ya ƙare, wata yarinya da ke zama a gaba, wadda ta fi kowa yarda da maganata, ta ɗaga hannu.

"Sa, kai kana ina a ciki?"

Na ce ina mota. Ba su yi dariya ba su ma. Ta sauke hannunta a hankali, ta rufe littafin da ta buɗe don rubuta abin da na gani.

A gida na kwashe komai na faɗa wa matata, ina jiran ta tausaya mini. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta taɓa goshina da bayan hannu.

"To, amma ka yi mura?"

Na ce ban yi ba.

"Ka gani ko," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Abin da na koya bai da yawa: in mutumin da ya san ruwa ya tambaye ka ko kana jin ƙamshi, ka ce naka ne. Har yau ina zana teku a allo. Sai dai yanzu in yaro ya tambayi yadda ƙarƙashinsa yake, nakan ce kore ne, kuma yana sa hawaye.