Wata Huɗu Badaru Yana Cikin Rijiya

"Lafiya ƙalau, tsohuwa. Ya ƙafa? Na ga har yanzu ba ki mutu ba."

"In mutu in bar wa wa kai? Wace mai tsautsayin ce za ta kwashi miji kamar sillen kara? Zauna, kada iska ta kai ka Bauci."

Da haka Safiyanu da kakarsa Iya Kulu suka gama gaisawa. Ranar Asabar ce da hantsi, ni na goyo shi a babur daga Birnin Kudu, inda muke koyarwa tare, zuwa Farin Dutse. Mun same ta a gindin dalbejiya tana mulmula daddawar da take sayarwa. Shekara biyu Safiyanu yana rubuta wani littafin labari, amma wata huɗu ke nan alƙalaminsa ya ƙi motsi, kuma a hanya ya shaida mini ya haƙura. Ya kwance wata jaka, ya zazzage mata takardu rubutun hannu, sun fi shafi ɗari biyu.

"Ga tsarabarki. Ki ƙunsa daddawa."

"Ikon Allah! Mazan wasu su kawo atamfa, nawa ya kawo shara. Ba wannan ne littafin da aka hana mu sakat a kansa ba?"

"Shi ne. Ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa. Warin ƙaryar ne ya kashe shi?"

"Kin ga sun dace da daddawarki ke nan."

Ta ɗauki shafin da ke sama, ta murza shi, ta ƙunsa daddawa uku a ciki.

"Takarda mai kyau, ba ta yagewa. Yau dai karatunka ya yi rana. Amma tsaya, ni ba na ƙunsa abinci da mutumin da ban sani ba. Wa ke ciki?"

"Wani ne Badaru, mai haƙar rijiya. Mutanen garinsu suka sa shi aiki. Ya kai zurfin gaba goma sha biyu, sai abokin aikinsa mai jan ƙasa ya janye igiya ya yi tafiyarsa, don akwai wata tsohuwar ƙullalliya a tsakaninsu."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Yana ciki."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Iya Kulu ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wata huɗu ka bar ɗan mutane a rami, kai kana cin tuwo kana minshari? Gobe in na faɗa ni ma haka za ka yi mini?"

"Ke ai murfi zan sa, gari ya huta."

"Ja'iri! To me ya hana ka fito da shi?"

"Babu yadda ban yi ba. Na kawo makiyayi ya ji ihunsa, na ga abin ya yi arha, na yage. Na sa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rijiyar ta cika ya taso."

"Kamar mushen kwaɗo?"

"Shi ma na yage. Har cewa na yi duk mafarki ne."

"Wannan takardar ko akuyata ba za ta ci ba."

Safiyanu ya sunkuya. Ya tsinci wani kara yana zane a ƙasa.

"Iya, kullum na zauna sai in ji kamar wani yana tsaye a kaina yana cewa, ba ka iya ba. Na fara zaton gaskiya yake faɗa. Ban san wanda zai kawo wa Badaru igiya ba."

Ta dube shi. Na ɗauka lallashi za ta yi. Sai ta fashe da dariya, har da buga cinya, ɗankwalinta ya zame.

"Igiya! Igiya yake nema masa! Wayyo cikina! Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kai ɗan famfo, ka taɓa leƙa rijiyar da ake cikin haƙa?"

"Na karanta a kai."

"Ka karanta! Shekara talatin da ɗaya na yi da kakanka Hambali, daga nan har Sundimina babu inda bai fasa ƙasa ba. Mai haƙa yana sauka yana sara wa ƙafarsa gurbi a jikin bango, ɗaya nan, ɗaya can. Igiya ta guga ce, a ja ƙasa da ita. Shi in ya ga dama ya tako ya fito, ya ci tuwo, ya koma."

"Kin fara ke nan. Ƙaryar tsofaffi ba ta da birki."

"Ni da na shiga da kaina? Da cikin ubanka wata takwas, kwanon tuwo a ka, ko miya ba ta zube ba."

"Shi ya sa Baba yake tsoron duhu har yau."

Ya faɗa yana dariya, amma na ga dariyar ta tsaya a rabi. Ya yar da karan.

"Tsaya. In har zai iya fitowa, me ya zaunar da shi?"

"Ni kake tambaya? Ni na haife shi? Lalaci ne, ya gado mai shi."

"Badaru ba malalaci ba ne."

"To aljana ya samu a ƙasan, suka daidaita. Ka rubuta an ɗaura aure, kwaɗi ne 'yan rakiyar amarya."

"Haba, Iya!"

"To ɓarawo ne. Ya saci tunkiyar liman, ya ga babu maɓoya kamar rami."

"Mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba? Ke ba ki san shi ba! Dattawa sun ce masa babu ruwa a wurin nan, ya rantse a gaban mai gari cewa akwai. Ya yi gaba goma sha biyu, ƙasa a bushe kamar bakinki da azumi. Da wane ido zai..."

Ya miƙe tsaye a hankali.

"Kunya ce," ya ce. "Wallahi kunya ce! Da aka janye igiyar daɗi ma ya ji. Gara a ce an zalunce shi da a ce ya kasa."

"To sai ya ruɓe a can."

"Ba zai ruɓe ba! Zai tako gurbin nan ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, kowa na kallo. Ya wuce mai jan ƙasar ko kallonsa bai yi ba, ya tsaya a ƙofar mai gari da ƙura har gira, ya ce, ranka ya daɗe, na yi kuskure, a nuna mini wani wurin."

Iya Kulu ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Sau biyu kakanka ya faɗi wannan maganar a gari guda. Rijiya ta ukun da ya haƙa ce har yau ake ɗiba."

Safiyanu ya durƙusa zai tattara takardun. Kafin ya kai hannu ta ja su, ta hau kai ta zauna daram.

"Ina? Kyauta ba ta komawa. Miji ya ba matarsa abu a gaban shaida."

"Tashi, kada ki ƙyanƙyashe su."

"Sai ka faɗa da bakinka. Wa ya fito da Badaru?"

"Ni, mana. Ni ne marubucin."

"To marubuci ya je ya sayi sabuwar takarda. Gobe kasuwa, daddawata na jira."

Ya zaro shafi ɗaya daga gefen zaninta, ya juya bayansa, ya fizge biron da ke aljihuna, ya ɗora a gwiwa ya hau rubutu. Ta yi ta tsokanarsa, ta ce rubutun kamar kaza ta bi ta kan laka, ta ce zufarsa na ɗiga mata a kan sana'a. Bai ɗago ba. Ya cika shafin, ya miƙa hannu, ita kuwa ta ɗan ɗaga ta zaro masa wani ba tare da ta daina surutu ba. Haka suka yi har aka kira azahar. Na ƙirga shafi tara.

Ya ajiye biron yana yarfe hannu.

"Ya fito?" ta tambaya.

"Ya fito. Yana ƙofar mai gari." Ya yi dariya, ya cire hula ya dafa ƙasa. "Shi ke nan, na sallama. Na ƙetare jiha huɗu neman ilimi, tsohuwa mai haƙori uku ta kayar da ni a tsakar gida. Ke kika fito da shi."

"Huɗu ne, munafuki, ɗaya yana can ciki."

Ta tashi daga kan takardun, ta shiga ɗaki, ta daɗe tana laluben ƙarƙashin gado. Ta fito da wani gajeren dagi, ƙotarsa ta yi sulɓi don riƙo, ta dangwara masa a cinya.

"Na kakanka ne. Kafin ka sake jefa ɗan wani a rami, ka je ka haƙa ko gaba ɗaya ne da hannunka."

Safiyanu ya ɗaga shi da hannu biyu yana jinjina nauyinsa.

"A ina zan fara?"

"Bayan ɗakina. Dama ina neman inda zan dasa gwanda."