Ranar da Na Musanta Ƴata Gaban Mai Lanho

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da na so. Na ga fari, na ga yunwa, na binne miji biyu, ban sunkuyar da kai ba. Sai ranar.

Man gyaɗa nake matsa a Tanut, mata shida ke yi mini aiki. Da goyonsu suke zuwa, ga wuta ga mai. Na kafa rumfa nesa da murhu, na ɗauko wata tsohuwa tana raino. Sai na ji an ce mai yi wa ma'aikatansa haka ana iya rage masa lanho, wato haraji. In an rage, tsohuwa ta zauna. In ba haka ba, rainon ya fi ƙarfina. Har rawa na taka (ni da gwiwar nan tawa).

Ma'aikacin lanho ya zo da takarda. Ya ce sai ya tabbatar yaran na ma'aikata ne, ba na aro ba. Ya ɗaga wani jariri.

"Na wace ce wannan?"

Uwar ta kama kallon bango. Ashe huɗu cikin yaran ƴaƴan fari ne, kuma wace mace za ta amsa ɗan fari a gaban mutane?

Na tashi da faɗa. "Kunyar me? Ku kuka haife su ko tururuwa? Kowa ta buɗe baki!"

Ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Wannan mai tuya fa, kamarku ɗaya. Ƴarki ce? Yaya sunanta?"

Ƴata ta fari. Shekara talatin ban kama sunanta ba.

Na ji bakina ya ce, "Ta maƙwabta ce."

Wayyo! Mata suka zube da dariya, tsohuwa har da buga ƙasa. Shi ma ya rufe fuska da takarda. Da ya nutsu ya ce a jira yunwa ta kama yaran. Ba a jima ba kowane ya rarrafa ko ya miƙa hannu wurin uwarsa, yana rubutawa.

Sai ga ƙatuwar ƴar nan tawa ta ajiye matsami, ta zo ta zauna daram a cinyata.

"Malam, rubuta. Ni ma na gane tawa."

Ya sa hannu a takardar, tsohuwa tana nan tana raino. Ni kuwa yanzu kafin in yi wa wata faɗan kunya, sai na waiga na ga wa ke tuya.