Ranar da Na Yi wa Malamar Alheri Godiya

Ko ƙwaƙwalwata za ta goge komai, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a makarantar 'yata Alheri ba, wata huɗu da zuwanmu Alexandria ta ƙasar Turawa.

Matata Ladi ce soja. Ita aka turo ofishin soja na jakadanci, ni kuwa aka haɗo ni cikin kaya. Na yi shekara ashirin ina tuƙa babbar mota a barikin Jaji, na yi ritaya da igiya biyu, yanzu aikina wanke-wanke a hawa na sha ɗaya. Boko kuwa a aji biyu na sakandare muka rabu, ba wanda ya nemi wani.

Da makaranta ta aiko ana son ganin iyaye, Ladi na da aiki. Ta ce, "Baban Alheri, ka ce su ba ka tafinta, suna bayarwa."

Na ce ba tafintan da zai shiga tsakanina da maganar 'yata. Kwana goma ina haddace Turanci gaban madubin banɗaki (madubin ma ya gaji da ni).

Malamar dattijuwa ce mai fara'a. Na zauna na kafa idona a kan takalmina, kamar yadda mai mutunci ke yi gaban matar mutane. Ta yi ta magana a hankali, kuma wallahi na gane kusan duka. Ta ce Alheri ba ta taɓa kallon ta ido cikin ido ba. Ba ta tambaya. In an yi mata magana sai ta sunkuyar da kai.

Ƙirjina ya cika. Shekara tara ina gina wannan tarbiyya, ga Baturiya ta shaida. Na miƙe tsaye na ƙame, na ce mata na gode, ni na koya mata haka da kaina, kuma ko ni ba ta isa ta kalla ba. Matar ta rubuta wani abu mai tsawo. Ta miƙo takarda, na sa hannu (na ɗauka ta yabo ce, har na tambaya ko za a ba ni kwafi in manna a bango).

Da yamma Ladi ta karanta kwafin da suka ba ni ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Ka san abin da ka sa wa hannu? Ka yarda a gwada kunnen yarinyar da ƙwaƙwalwarta. Suna tunanin cire ta daga ajinta. Kuma an rubuta tana tsoron ubanta."

Alheri, wadda ke ɗaukar na ɗaya a makarantar bariki. Tana tsaye bakin kicin, kanta a ƙasa, yadda na koya mata.

Ban ci tuwo ba ranar. Amma ni direban soja ne, in na kafe mota ni nake fitar da ita. Mako biyu ya rage a yi gwajin, sai na sa fareti a falo. Kullum bayan makaranta mu zauna gaba da gaba, ta kalle ni, in kalle ta, Ladi na riƙe da agogo. Ranar farko ni na fara kau da kai. Ladi ta ce, "Kofur, an harbe ka."

Na koma makarantar, wannan karon da tafinta, wata nas 'yar Jos da ke Gaithersburg. Na kalli malamar cikin ido har nawa suka yi ruwa, na bayyana mata cewa a wurinmu sunkuyar da kai girmamawa ce. Gwajin dai an yi shi, tunda da hannuna na amince. Alheri ta cinye, aka bar ta a ajinta.

Abin da na koya shi ne, in Bature na maka magana da murmushi, ka bari ya kai ƙarshe kafin ka yi godiya. Yarinyar kuwa ta koyi darasin fiye da yadda na so. Jiya ta tsare ni da ido ta ce, "Baba, me ya sa ba ka gama makaranta ba?"

Sai na sami kaina ina kallon takalmina.