Minti Goman Ƙarshe

"...da gajiyar hanya, Amarya? Na aike ki da hantsi, kin dawo mini bayan la'asar. Rimot ɗin ƙera shi aka yi kina tsaye?"

"Gajiya ta bi lafiya, Ango. Ya ƙafar? Na ji an ce jiya ka yi tseren da ko jarumin fim bai taɓa yin irinsa ba."

"Wane mai dogon bakin ne ya gaya miki?"

"Teburin da ka yi karo da shi. Har yanzu yana ɗingishi."

Tsohon ya gyara zaman ƙafarsa mai bandeji a kan matashi, ya yi kamar bai ji ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, da idanu suka fara gardama da ƙananan kusoshi sai ya rufe shago ya rungumi kallon fim da hannu biyu. 'Ya'ya da jikoki Alƙali suke ce masa, don babu fim ɗin da ya gifta ta gabansa bai yanke masa hukunci ba. Yana da littafi mai baƙin bango inda yake zuba maki, kuma rowar makinsa ta fi ta malamin lissafi.

Sai dai akwai abin da duk gidan aka sani: Alƙali ba ya kallon ƙarshen fim. Zai juya bayan kwalin faifai ya duba tsawonsa, ya cire minti goma, ya saita tsohon agogonsa mai ƙararrawa ya ajiye a gefen kujera. Agogo na kaɗawa zai danna maɓallin tsayarwa, ya buɗe littafi ya rubuta yadda fim ɗin ya ƙare a ganinsa. A haka maɓallin tsayarwa ya mutu, sauran maɓallan suna nan sababbi fil. Sati guda kenan da zarar agogo ya kaɗa sai ya zabura ya je ya fizge waya daga soket, har jiya tebur ya tare masa hanya. Shi ya sa ya aiki jikarsa, wadda yake kira Amarya tun tana rarrafe, ta sayo masa sabon rimot.

"To miƙo kayana."

"Yana cikin jaka."

"Jakar ba ta da baki ne?"

"Tana da shi, amma sai an biya ta sadaki. Ango, ka auri mace shekara ashirin da biyu ko ɗankwali ba ka taɓa saya mata ba, sai aike."

"Ni da na rufa miki asiri? Wa zai kwashi mace mai baki kamar rediyon da ya ɓaci? Samarin unguwa in sun hango ki har sauya hanya suke yi."

"Tsoron mijina suke ji. Sun ji labarin yana dambe da tebur."

Ta zauna a kan dardumar da ke gabansa, ta zuge jaka. Maimakon rimot sai ga kwamfuta ta fito. Alƙali ya san abin da ke cikinta. Yarinyar nan harhaɗa fim take koyo a makaranta, kuma shi ya jawo wa kansa, shi ya riƙa ɗora ta a cinya tana ƙarama yana nuna mata inda mai ɗaukar hoto ya yi kasala. Yanzu ta haɗa nata na farko, gobe za ta miƙa wa malamanta, kuma ta rantse ba wanda zai gani kafin shi. Sati uku yana zille mata, yau ciwon kai, gobe baƙi.

"Yau kam ƙafa ta kama mini kai," in ji ta. "Gobe da safe ake miƙawa. In ba ka kalla ba, ba zan kai ba, in ya so in maimaita shekara. Sai ka yi wa babana bayani."

"Wa ya ce ba zan kalla ba? Minti nawa ne?" Hannunsa har ya kai kan agogo.

"Sha biyu."

Ya yi lissafi a zuci, ya yi murmushi. "Madalla. Minti biyu ba za su gagare ni ba."

"Ajiye agogon nan, Ango."

"Ke yarinya ce. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni fim in na ga yadda jarumi ya buɗe ƙofa, na san ko zai mutu. In aka nuna uwa tana tari a farko, to a tanadi likkafani. In mugu yana kiwon kyanwa, ɗan'uwan jarumi ne. In aka yi ruwan sama, za a rabu, in aka je tashar jirgi, za a shirya. Me ya rage da zan ɓata minti goma a kansa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"To bari mu ga hangen." Ta fizgi littafin daga hannun kujera kafin ya ankara, ta buɗe tsakiya. "Ga wani nan, na masuntan da guguwa ta ritsa da su a teku. Ka rubuta: 'Duka sun dawo gida lafiya, an yi biki.' Ango, kifi ne ya cinye su. Ko hular mutum ɗaya ba a tsinta ba."

"Kuskuren mai fim ɗin ne. Nawa ya fi ma'ana."

"Ga na likitan da ya rasa ƙwaƙwalwa. Ka ce ya tuna matarsa. Bai tuna ba, ma'aikaciyar jinya ya aura."

"Marar mutunci. Gara da ban gani ba."

"Ga na karen da ke jiran maigidansa a bakin titi..."

"Kar ki gaya mini na karen nan."

Ya faɗa da sauri har shi kansa ya ji kunya. Amarya ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da juya shafuka a hankali.

"Fim sama da dubu, kuma a littafinka ba wanda ya taɓa mutuwa. Ko mugu sai ka ce ya tuba ya buɗe shago. Ruwa ba ya tsami banza, Ango. Kai da ka ce ka san ƙarshen komai, me kake gudu?"

Alƙali ya dubi soket, ya dubi kwamfutar da ba ta da wayar da za a fizge, ya dubi ƙafarsa. Ya ga an yi masa ƙawanya ta ko'ina. Rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai kaya ce.

"Rufe ƙofar nan," in ji shi. "In maganar nan ta fita, na sake ki saki uku."

"Ka sha sakina, ban taɓa fita ba. Ina ji."

"Kuka nake yi."

"Na'am?"

"Kin ji ni sarai. Kuma ba irin na mutanen kirki ba, da hawaye ɗaya zai gangaro a goge da gefen hannu. Nawa da sauti yake zuwa. Iyarku, Allah ya jiƙanta, ta ce kamar ana jan ƙofar ƙarfe da ta yi tsatsa. Muna da wata biyu da aure na ce bari in nuna mata ta auri wayayye. Na goge takalmi, na ɗauke ta a keke zuwa gidan silima. Tun a hanya nake mata bayani, in abin tausayi ya zo kar ta ji tsoro, wasa ne, ina kusa. Aka zo ƙarshe, wani tsoho ya sayar da dokinsa, dokin ya waiwayo. Shi kenan."

"Doki?"

"Waiwayen ne, ba ki gani ba. Na ɓarke. Na layin gaba suka juyo, na baya suka miƙe tsaye. Wani ya ce a ba shi iska, wani ya ce rasuwa aka yi masa. Mai tocila ya zo ya haska fuskata ya ce, Malam, ko dai ka yi shiru ko ka fita, mutane ba sa jin fim. Iyarku ce ta riƙo hannuna ta fitar da ni, tana ba jama'a haƙuri. Keken ma kasa hawa na yi, tura shi muka yi har gida. Daga ranar na ce ni da ƙarshen fim sai a lahira."

Amarya ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa.

"Yi dariyarki. Mutumin da duk unguwa ke kawo wa ƙara, wanda ya aurar da 'ya'ya shida ido a bushe, doki ya kayar da shi. Ranar da aka fita da Iyarku ma ban yi a gaban mutane ba, sai da na shiga shago na saita agogo tara suka kaɗa tare."

Amarya ta daina dariya. Ta share ido, ta ɗauki agogon ƙararrawar ta tura shi ƙarƙashin kujera, ta ɗora masa kwamfutar a cinya.

"Ƙofa a rufe take, kuma ba mai tocila. Bismillah."

Fim ya fara. Hannuwan wani tsoho ne a kan tebur, suna kwance bayan agogo da ɗan ƙaramin sukundireba. Alƙali ya gyara tabarau.

"Haske ya yi yawa ta hagu. Kuma wa ya ba ki wannan ɗan wasan? Dubi yatsu kamar busasshen reshe. Ko riƙon sukundireba..." Sai ya gane zobensa a yatsan. "Yaushe kika ɗauke ni?"

"Bara, kana ta surutu ba ka lura ba. Yi shiru, mutane ba sa jin fim."

Minti biyu suka cika. Ba ya buƙatar ƙararrawa, jikinsa ya san lokacin, har babban yatsansa ya danna hannun kujera. Ba abin da ya tsaya. Hoton ya koma kan wata kujerar roba a bakin ƙofar kicin, ba kowa a kanta, sai murya ta taso, irin wadda aka ɗauka da waya, da ƙarar cokali a bayanta. Muryar Iya ce, tana ba jikarta labarin gidan silima tana dariya har da tari. Ta faɗi takalmin, ta faɗi keken, ta kwaikwayi mai tocila. Ba ta rage masa komai ba.

Can sai muryar Amarya ta tambaya a cikin fim ɗin, "Iya, ba ki ji kunya ba?"

"Kunyar me? Ni fa tsoronsa nake ji lokacin, ko ido ba na iya haɗawa da shi, kullum fuska a ɗaure kamar mai karɓar haraji. Ranar nan ce hankalina ya kwanta. Na ce mutumin da ya yi wa dokin wani kuka, ni ba zai wulaƙanta ni ba. Kuma bai yi ba. Kar ki gaya masa, kansa zai kumbura. Abu ɗaya ke ba ni haushi, tun ranar ya hana kansa ƙarshen fim, ni kuma ina son in ƙara jin ƙofar nan tawa mai tsatsa."

Sai ƙofar mai tsatsa ta buɗe a bakin Alƙali. Iya ba ta yi ƙarya ba, sautin har ya fi yadda ta kwatanta. Wani ya ƙwanƙwasa daga waje yana tambaya ko lafiya, Amarya ta ce lafiya lau, kujera ake ja. Ita ma fuskarta sharkaf take. Alƙali bai kawar da kai ba, ya kalla har hannuwan nan suka mayar da murfin agogo, har allo ya yi baƙi, har rubutu ya gama wucewa. Kewar matarsa ta kama shi sosai, kuma ya ji daɗin da ya manta akwai irinsa.

Ya jawo gefen riga ya fyace hanci.

"Fankar nan ce take hura mini ƙura a ido."

"Fankar a kashe take, Ango."

"To turarenki ne. Na sha gaya miki ki daina sayen mai araha."

"Maki nawa?"

Ya karɓi littafi, ya daɗe yana juya biro. "Minti biyun farko, uku bisa goma. Ɗan wasan ba shi da fasali, kuma ki rage hasken hagu kafin gobe, da gaske nake." Ya yi rubutu, ya juya mata shafin. A ƙarƙashin ukun ya sa goma, makin da ba a taɓa gani a littafin ba, kuma gurbin da yake rubuta nasa ƙarshen ya bar shi fari.

Ta zaro sabon rimot daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ya karɓa, ya sunkuya da ƙyar ya lalubo agogon daga ƙarƙashin kujera, ya goge shi da hannun riga ya ɗora mata a tafi.

"Ga sadakinki, kin ci. Ki saita shi ya tashe ki da wuri, kar ki makara wajen miƙawa."

"Shekara ashirin da biyu, sai tsohon agogo?"

"Ya fi ɗankwali, shi yana kaɗawa." Ya yi dariya, muryar duk ta dushe. Ya nuna kwalayen faifan da suka cika kanta har sama. "Jibi ki zo da wuri, ina da ƙarshe sama da dubu da ke jirana. Ki taho da tawul. Da na karen nan za mu fara."